Ƙafafun da Suka Ƙi Taka Gindin Rimi

Ngatijan mai ɗaukar bidiyon biki, wanda ake kira Jan, bai taɓa yin nasara a gardama ba a ƙauyen nan. Wadda ta fi yi masa tatas ita ce Yu Ponirah, wato Yaya Ponirah, ranar da ta kalli kaset ɗin auren 'yarta.

"Kai Jan, ina amaryar? Ƙafafu na aurar? Daga farko har ƙarshe silifa da faso!"

"Yu, kyamarar ce da nauyi."

"Kanka ne da nauyi, kan kwakwa!"

Ya sunkuyar da kai, sana'ar da ya fi ƙwarewa a kanta. Ya koye ta tun yana ƙarami, shekarar da wata babbar mota ta kwashe ubansa da wasu manoma, wai 'yan gurguzu ne. Ba gawa, ba kabari, ba mai tambaya. Duk gab da azumi, in gari ya tafi zuba furanni a maƙabarta, uwarsa takan tsaya da kwandonta, ta rasa inda za ta juye.

Da tsohon janar ɗin da ya daɗe yana riƙe da ƙasar ya sauka daga mulki, ɗalibai suka zo daga birnin Yogya da kyamarori, wai kowa ya faɗi abin da ya gani a waccan shekarar. Tsofaffi suka ba su shayi, suka yaba musu takalma, suka yi gum. Ngatijan ba abin da zai ba su sai tsoffin kasetocinsa. Garin dubawa ne ya lura da wani abu.

A wani kaset ɗin biki, ga 'yan rakiyar amarya tafe, hanya miƙe. Suna isa gindin rimin bayan gari sai kowace ƙafa ta kauce, ta zagaye wani fili da ba komai a kansa. Har yaran da aka haifa jiya jiya. Ƙarƙashin kiɗa kuma ana ta raɗa, "Gafara, Mbah, za mu wuce," gaisuwar da ake yi wa kakannin da ke kwance a kabari. Kaset ɗin kaciya haka, na jana'iza haka.

Ɗaliban suka kunna kaset ɗin bikin a zauren dagaci da la'asar. Uwar Ngatijan na zaune can baya, kwandonta a cinya.

Dagaci, Pak Wiryo, wato Baba Wiryo, wanda aka sha gani a bayan motar nan mai kwashe mutane yana saurayi, ya buga sanda.

"Kashe abin nan, Jan! Ba komai a wurin sai ciyawa. Kai da ko fuskar mutum ba ka iya ɗauka ba!"

Ngatijan ya tsayar da hoton a kan wasu baƙaƙen takalma masu sheƙi, waɗanda suka fi na kowa nisan zagaye. Su ne a ƙafar dagacin yanzu haka. Sannan ya ɗaga kai.

"In ciyawa ce, Pak, taso mu je ka tsaya a kanta. Yau fuskarka zan ɗauka."