Adashin da Muka Ƙirƙira wa Baba

Mu kaɗan ne a New York da ke yaƙi da bautar da har yau ba ta mutu ba a wasu ƙauyukan gida. Babbanmu wani dattijo ne ɗan Nijar, mai teburin huluna da safar hannu a Concourse Village. A gidan bauta aka haife shi, shi ya sa ba ya sanyi, kuma ba ya barin mu yi.

Da ciwon ƙoda ya kayar da shi, muka haɗa abin da ya sawwaƙa, daga direbobin tasi har matan Zango masu jinyar tsofaffi a Stapleton. Ni na kai masa. Ko taɓawa bai yi ba.

"Ɗana, sadaka ce?"

Na ce gudummawa ce, Baba.

"Suna kuka sake mata. Da sadakar iyayengiji uwata ta raine ni. Mersi, na gode, mayar musu."

Na fito ina ƙunƙuni, don taurin kansa ya ishe ni. Wata Hajiya 'yar Kumasi ce ta kawo dabara: mu ce adashi muka kafa, shi ne da kwasar farko. Ya karɓa har da dariya, ya ce wannan kam harkar 'ya'ya ce.

Mun manta cewa mai kwasar farko shi ke da dogon zubi a gaba. Duk ranar da babu wankin ƙoda sai ya ja jiki ya kafa tebur, ƙafafu a kumbure. Na roƙe shi ya bari, ya ce so nake ya mutu da haƙƙin mutane? In kuwa mun faɗa masa gaskiya, zai gane sadaka ya ci ke nan. Haka Hajiya ta riƙa karɓar zubinsa tana kau da kai. Abin ya ci mana rai.

Da jikin ya tsananta, a asibiti ya riƙe hannuna.

"Ban gama zubi ba. Roƙa min su yafe."

"Sun yafe, Baba."

"A'a. Tambayo su ɗaya bayan ɗaya. Haƙƙinsu ne, ba naka ba."

Na fita baranda ina buga waya, ina roƙon mutane su yafe bashin da ba su taɓa bi ba. Kowa na kira sai ya fashe da kuka. Ban gama kiran ba ya cika.