Masta Zuberu da Hannun da Zai Riƙe Littafi

Ƙarfe bakwai da kwata na safe Masta Zuberu yake ɗaga ƙofar shagonsa a Moshi Zango. Ba ya fara kunna inji. Yakan zaro takarda ɗaya daga cikin ƙunshin da ya kwana a kan teburi, ya lanƙwasa ta tsaye, ya lanƙwasa ta kwance, ya ji ta wane gefe ta fi yarda. A Kumasi, inda damina ke ratsa bango ta shiga ɗaki, takardar da aka yanka ba bisa yardarta ba takan kumbura cikin mako biyu, littafin ya wage baki ya ƙi rufuwa. Sai ya gama wannan yake shan kokonsa, a tsaye, nesa da teburin.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Akwai kwamfuta, da injin buga shafuka, da ƙaramin injin liƙa bango da gam mai zafi, da wuƙar yanka takarda wadda ta girmi sauran kayan duka. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan sana'a. Ya fara da katin biki da kalandar masallaci. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya koma buga littattafai masu bangon takarda, irin bugun da ba a yi sai an buƙata: wanda ke son kwafi ɗaya a buga masa ɗaya, wanda ke son bakwai a buga masa bakwai. A ƙarshen wannan wata zai ajiye aiki, domin yatsunsa sun fara sanƙarewa.

Wanda ya rubuta littafi a Zango, kuma ba shi da kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, hanya uku ce a gabansa. Ko ya je babbar maɗaba'a, inda ba a kunna inji a kan ƙasa da kwafi ɗari biyar, ya kwaso su ya jibge a ƙarƙashin gado, gara da laima su raba. Ko ya tura ta intanet ga kamfanonin ƙetare masu buga ɗaiɗai, ya jira makonni, ya karɓi abin da ya zo. Ko kuma ya zo wurin Masta Zuberu ya amsa tambayar da yake yi wa kowa kafin ya duba ko shafi ɗaya: “Wa zai riƙe shi?”

Mutane da yawa sun ɗauki tambayar wasa. Moro tela, wanda shagonsa ke manne da na Masta shekara ashirin, ya ce ya ga malamai masu manyan rawuna sun tsaya sororo.

“Sai su ce, ‘Jama'a mana.’ Shi kuma ya ce, ‘Jama'a ba ta da hannu, Malam. Faɗa mini mutum ɗaya.’ Ni dai na gaya masa ya bar sana'ar nan ya dawo ɗinki, tunda awo yake so.”

Daga amsar ce Masta yake fitar da girman littafin, da kaurin takarda, da girman baƙi. Littafin addu'o'in da mace za ta karanta a rumfar kasuwa ba ɗaya ba ne da wanda ɗalibi zai cusa a aljihu ya hau trotro, motar haya, zuwa Oforikrom.

Aikin da aka fi ambata idan an zo maganarsa shi ne na Malama Rafi'atu, malamar firamare da ta yi ritaya. Mahaifinta, Alhaji Karimu, yana da shekara casa'in da ɗaya a lokacin. Ya yi fataucin goro tun yana saurayi, kuma ya shafe shekaru yana rubuta abin da ya gani a cikin littattafan makaranta guda biyar, da hannunsa, da ajami, domin bai taɓa koyon boko ba. Malama Rafi'atu ta ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a kwamfuta, ta tura wa wani kamfani na ƙetare. Tana so ta ba tsohon mamaki. Bayan mako shida littafin ya iso, bangonsa na sheƙi.

Ta san ajami daga dama ake buɗe shi, kamar yadda kowa ya sani a gidan. Amma shekara talatin hannunta yana juya littattafan boko, kuma shafin kamfanin na intanet bai tambaye ta ba. Ta jera daga hagu, aka liƙe daga hagu.

Alhaji Karimu ya karɓi littafin, ya juya shi yadda ya saba, ya buɗe daga dama. Shafin farko da ya faɗa a idonsa shi ne na ƙarshe a rubutunsa, inda ya jera sunayen abokan tafiyarsa da suka rasu. An kuma matse rubutun don ya shiga ƙaramin shafi, har sai da ya kai shi daf da hancinsa. Ya rufe, ya miƙa mata.

“Kin sa na fara da mutuwa,” ya ce. “Dawo mini da littattafaina. Kada a sake buga komai.”

Ranar Alhamis ta mako mai zuwa za a kwantar da shi a babban asibitin da ke kusa da Bantama don a yi masa aiki, kuma likitoci ba su ɓoye wa iyalin cewa shekarunsa sun yi yawa ba. Kwana tara suka rage. Idan ya shiga da wannan magana a bakinsa, ita ce wasiyyarsa, kuma Malama Rafi'atu ba za ta tsallake ta ba. Littattafan biyar za su koma akwati, ita kuma ta zauna da sanin cewa abu na ƙarshe da ta miƙa wa mahaifinta ya mayar mata.

Da ta zo shagon ta ajiye littafin a teburi, Masta Zuberu ya buɗe shi daga dama, ya ga abin da tsohon ya gani. Bai ce mata ta yi kuskure ba.

“Masta, ka gyara mini kafin Alhamis,” ta ce. “In ya so in kai masa, ko ya karɓa ko ya ƙi.”

“Malama, ya ce kada a buga. Ba zan buga a bayan idonsa ba. Ki nema mini izini in je in gaishe shi.”

Bayan la'asar ya tafi, da jaka a kafaɗa. A cikinta akwai littattafai uku marasa rubutu ko kaɗan, farar takarda kawai da bango, kowanne da girmansa da nauyinsa. Da su yake awo. Ya sami tsohon a kan buzu a bakin ɗaki, ya durƙusa ya gaishe shi.

“Kai ne mai injin?” in ji Alhaji Karimu. “Injin naka ya san dama da hagu?”

“Bai sani ba, Baba. Shi ya sa nake tsaye a kansa.”

“Na ƙetare ma ai inji ne, kuma an ce ya fi naka.”

“Ya fi nawa nesa ba kusa ba. Amma bai taɓa zuwa gaishe ku ba.”

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Masta ya miƙa masa littafi na farko. Ya yi ƙanƙanta, yatsun da ke rawa suka kasa kama gefen shafi. Na biyu ya yi nauyi, ya zame zuwa cinya. Na uku, mai faɗi mara kauri, ya zauna a kan gwiwa. Masta ya lura da abu ɗaya: duk lokacin da tsohon ya saki shafi, littafin sai ya rufe kansa, saboda gam ne ya riƙe shi, kuma babu ƙarfin da zai danne shi a hannun.

“Wannan babu komai a ciki,” in ji Alhaji Karimu yana juya fararen shafukan daga dama.

“Sai abin da kuka yarda a sa, Baba. Guda ɗaya zan buga, naku. In kun duba bai yi ba, a gabanku zan yanka shi da wuƙa, ba wanda zai sake ganinsa.”

“Guda ɗaya ana yi?”

“Kullum shi nake yi.”

Tsohon ya sake juya fararen shafukan. Daga baya ya juya ga 'yarsa. “Rafi'atu, ba shi littattafan. Ki ƙirga su biyar, ya dawo da su biyar.”

Kwana biyar aikin ya ci. Masta ya sake ɗaukar hoton kowane shafi daga rubutun asali, ya ƙara masa girma har ya ɗara yadda tsohon ya rubuta shi. Ya zaɓi takarda mai ruwan madara, wadda ba ta ɗaukar ido kuma tawada ba ta ratsa ta. Ya jera shafukan daga dama. Bai kunna injin gam ba. Ya naɗe takardun kashi-kashi, ya huda su, ya leƙa shagon Moro.

“Ba ni zarenka mafi ƙarfi.”

“Yau ka yarda ɗinki ya fi?” in ji Moro. “Ka zo in koya maka wuyan riga.”

“Ka koya wa wandon da ka ɗinka mini bara. Ba ni zaren.”

Da hannu ya ɗinka littafin, sannan ya sa masa bangon takarda mai laushi. Littafin da aka ɗinka yakan kwanta a buɗe ba sai an danne shi ba.

Ranar Laraba da hantsi ya kai shi, da littattafan biyar. Malama Rafi'atu ta ce ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Alhaji Karimu ya ɗora littafin a gwiwa, ya buɗe daga dama. Bismillah ce a sama, da hannunsa, sannan labarin ranar da ya shigo Kumasi a bayan motar goro. Ya ɗauke hannayensa biyu, littafin bai rufe ba. Ya karanta har aka kira azahar, ya yi salla, ya koma. Da ya kai jerin sunayen, wanda yanzu yake a inda ya sa shi, sai ya tsaya.

“Akwai kuskure.”

Malama Rafi'atu ta leƙo daga bakin ƙofa.

“Ba naku ba ne, nawa ne,” in ji tsohon. “Ni na yi shi. Na manta Barkisu. Shekara ashirin tana dafa wa masu dakon goro abinci, wanda ba shi da ko sisi ma ta zuba masa. Ta rasu ba ta bar kowa ba. Amma an riga an buga.”

“Guda ɗaya aka buga, Baba,” in ji Masta. Ya ciro alƙalami ya miƙa masa. “Ku rubuta ta. Na biyu da ita zai fito.”

Tsohon ya rubuta sunan a ƙasan shafin, baƙaƙen suna rawa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. “Rafi'atu, shigo mana. Ki buga shi. Duk wanda ya nema a ba shi.”

Da littafin ya tafi asibiti. Ya fito, ya yi mako bakwai a gida, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ranar addu'ar arba'in mutane suka fara tambaya, aka buga biyar, aka buga uku, wata rana ɗaya. Har yau ana nema, kuma kowane kwafi yana ɗauke da sunan Barkisu da wannan rubutu mai rawa.

Babu sunan Masta Zuberu a jikin ko ɗaya. Ba ya sa sunansa a littafi. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi ba shi ya rubuta ba.

Masta, ga abin da ba ka yarda a buga a bango ba. Kai ne ka ƙi aikin da aka kawo maka har shago, sai da ka je ka durƙusa gaban mai shi. Kai ne ka mayar wa malaman Zango da matan Zango damar su ga maganarsu a littafi ba tare da sun cika ɗaki da kwali ba. Mai awo kafin yanka, mun gode. Allah ya ba yatsun nan hutu, ya saka maka da alheri.

Masu injuna sun yi yawa yanzu daga Bantama har Oforikrom, kuma nasu sun fi nasa sauri. Abin da ake roƙonsu kaɗan ne: kafin su danna maɓalli, su tambayi wanda zai riƙe littafin, in da hali su je su ga hannunsa. Marubuta kuma su buga ɗaya tukuna, su kai wa mutumin da suka rubuta dominsa, su tsaya su ga ta ina zai buɗe.

Kwafin farko yana wurin Malama Rafi'atu. Ba ta sa shi a akwati ba. Yana kan teburin ɗakin mahaifinta, a buɗe, a shafin da ya bar shi.