Rijiyar da Baba ya rufe mini

Jiya wani ya ɗaga kofi yana duban ruwa a hasken rana, sai na tuna Baba. Haka yake yi kafin ya sha. Ƙanin mahaifina ne, aikinsa gwajin ruwa. Da soja suka koma bariki, aka naɗa shi babban sakatare a ma'aikatar ruwa.

Na yi murna, na ce famfo ya iso Unguwar Boro. Sai ga shi da motar gwamnati. Ya ɗebi ruwan rijiyata mai sanyi, wanda nake dama kunun sayarwa da shi. Ya shinshina, ya dubi masai a gefe.

"Ladi, rufe ta za a yi."

"Baba, in ci me? Wa ta kashe?"

"Yaranki biyu fa?"

Ni da suka mutu, an ce mini mayu ne.

Ya sa aka toshe ta da siminti. Na roƙi famfo, ya ce layi ake bi, ko ga ɗan'uwa. Har ya rasu famfon bai zo ba. Da na koma sayen ruwa, kunu ya daina riba. Sauran yarana uku sun rayu.

Har yau na kasa gane ko gode masa zan yi. Allah da ya san gaskiyar, ya ji ƙansa, ya ba shi hutu.