Dutsen da Ya Ƙi Jiƙuwa

Na tsufa ina sayar da kanwa da gishiri a kasuwar Wunti, kuma ban taɓa cewa "ban sani ba" a kan hajata ba. Ungurnu ce, jar kanwa ce, gishirin kantu ne, in na ɗora a harshe an gama magana. Matan unguwarmu ta Ƙofar Dumi har gida suke kawo mini abin da suka sayo in tantance musu.

Ina da jika mace da ke koyar da kimiyya a sakandare. Wata ranar Asabar ta shigo, matan gida suna tsinkar zogale a tsakar gida, ta kwance bakin gyalenta ta miƙo mini wani farin abu mai kusurwa shida, garau kamar ƙanƙara.

"Tsohuwa, mene ne wannan?"

Na lasa. Ba ɗanɗano. Da na yi shiru a nan da na huta, amma idanun mata na kaina.

"Gishirin dutse ne da bai nuna ba," na ce. "Ruwa zai fallasa shi."

"In bai narke ba fa?"

"Ke, uwar iyayi, tun ba a haifi ubanki ba nake jiƙa duwatsu."

"To in ya ƙi, a gaban matan nan za ki ce ba ki sani ba."

Na amsa. Na jefa shi a kwanon sha, ya kwana uku. Na tafasa shi. Na zuba masa ruwan tsamiya, wanda ko kanwa sai ta yi kumfa ta ba da kai. Ya fito yana ƙyalli, kamar wanka na yi masa.

Da jikata ta dawo ba ta yi mini dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta zauna a bakin tabarmata ta ce komai da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Na gishiri a jere suke, suna jan juna, amma ruwa ya fi su wayo: yana kewaye kowace ƙwaya ya tafi da ita. Na wannan dutse kuwa, kowace ta sarƙe da maƙwabtanta, abin da ya ɗaure su na tarayya ne, ba wadda za ta ɗauki nata ta tafi. Haka suke tun daga wannan gefe har wancan, dutsen duka jiki ɗaya ne. Ruwa ba shi da wanda zai ja gefe.

"Lu'ulu'u ma haka yake," ta ce. "Kuma ƙwayarsa ɗaya da ta gawayin murhunki. Riƙon ne ya bambanta."

Wannan kam na ce ta bari sai na huce.

Sai idona ya faɗa kan dutsen niƙan da na gada wurin mahaifiyata, yana jingine a gindin randa. Tun ina amarya nake wanke shi. Gogar hannu ta rarake cikinsa, amma ruwa bai taɓa cin ko ƙwayarsa ba. Jikata ta ce ai akwai irin wannan farin dutsen a cikinsa, shi ne ɗigo-ɗigon da ke walƙiya. Ashe tare muka tsufa da abin, ban taɓa tambayar dalili ba.

Na kira matan da kaina. Na ɗaga farin dutsen na ce, "Wannan ban san shi ba." Wata ta ce ba ta ji ba, wai in maimaita. Na ce kunnenta ne da ciwo, ni sau ɗaya na yi alkawari.

Dutsen yana cikin faifan kanwata har yau. Duk wadda ta tambaye ni mene ne, sai in ce ta lasa tukuna.