Gonar da Ke Aiko da Gaisuwa

A Toranke na girma, a gidan da kakarmu Iya Hajjo ke mulkin tsakar gida. Bayan sallar isha'i takan tura karan dawa cikin murhu, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Ni take fara tsokana, wai mijinta rago ya zo cin banza. Tatsuniyoyinta na dariya ne, ban da guda ɗaya, wadda ko sau nawa ta maimaita sai na ƙanƙame zaninta.

Wai wani manomi ne ya ji murya daga cikin tsamiyar gonarsa. Muryar ta ce za ta yi masa shuka da noma da ban ruwa, shi dai kullum ya zo ya tura hannu cikin ƙasar, don gonar ta riƙa sanin mai ita. Da farko yana zuwa. Da ya ji daɗin inuwa sai ya daina, tunda kowace safiya muryar na zuwa ƙofar ɗakinsa.

A nan Iya takan rage murya har sai mun matso. "Maigida, gona ta ce lafiya."

Da kaka ta yi ya ɗauki lauje ya tafi. Ya tarar da gero dogo, zangarniya ba ƙwaya ko ɗaya, ga wani mutum a duƙe a tsakiya. Mutumin ya ɗago, sai ga fuskar manomin sak, ya ce, "Baƙo, wa kake nema?"

"Daga nan fa, Iya?"

"Babu daga nan. Ku tashi ku kwanta."

Yanzu ina koyarwa a Gaya. Shekarun baya na kafa rumfar leda a gonar da mahaifinmu ya bari, na dasa tumatir, wanda da shi ake ciyar da mahaifiyata da ƙannena. Akwai wata 'yar na'ura a binne a ƙasa, tana auna danshi, ta buɗe famfo da kanta, ta turo saƙo wayata. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, har zuwa gona ya koma sai an ga dama.

Wata safiya 'yata Hauwa ta kawo mini wayar tana murna. "Baba, gona ta ce lafiya."

Ban ƙarasa kokon da nake sha ba na hau babur, ban tsaya ba sai Toranke.

Tankin ruwa ne ya tsage, yana ɗiga daidai inda na'urar take. Ita tana cikin laima, don haka ba ta ga dalilin buɗe famfo ba. Na tura hannu a ƙasar sauran layukan, na ji ta kamar toka. Rabin tumatirin ya riga ya kwanta. Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba, abin da ya taɓa ta kawai ta faɗa.

Ina durƙushe ina jan tiyo sai na ji takun mutum a bayana. Wani ne da ya karɓi aron gonar maƙwabcinmu tun farkon rani, ban taɓa ganinsa ba. Ya tsaya a bakin rumfar, a cikin gonar mahaifina, da fartanya a kafaɗa, yana dubana da zargi.

"Malam, sannu. Wa kake nema?"