Lamba Shida a Takardar Tsautsayi

Ni na rubuta lamba shida da hannuna, kuma har yau ban ga wanda ya isa ya goge ta ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Suki, tsakanin kogi da babbar tur'a mai kai ruwa gonaki. Idan an gama yankan dawa, samari kan share fili a yi kokawa bayan la'asar. Ina cikin masu shiga, kuma ba yabon kai ba, ba a cika ganin bayana a ƙasa ba. Wata shekara muka kama da ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara ba ya ganina bai kira ni bawansa ba, ni kuma in kira shi ɓarawon gyaɗa. Na ɗaga shi ke nan, ƙafata ta dama ta faɗa cikin tsaguwar laka, irin wadda baƙar ƙasarmu ke yi da rani. Nauyinsa da nawa suka sauka a gwiwa guda. Aka kai ni wurin mai ɗori, aka kai ni asibitin Sinja, na dawo gida da sanda.

Ciwon bai ƙona mini rai kamar "ma'alesh" ba, kalmarmu ta jaje. Mai wucewa ma'alesh, mai kawo kunu ma'alesh, har yaran da nake kora da tsawa suka koyi yi mini ita. Taubashina kuwa ya daina tsokanata ɗungurungum. Sai ya zo ya gaishe ni da ladabi kamar wanda ya je gidan surukai, ya zauna bakin angareb, gadona na igiya, yana kallon ƙasa. In na zage shi ya ce, "Allah ya ba ka lafiya." Kai! Da marina ya yi da ya fi mini daɗi.

Zaman rakuba, rumfar gidanmu, shi ya sa na ƙirƙiro wa masu zuwa gaishe ni wani wasa, lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba. Murfin kwalba shi ne ɗan kokawa, kowa da nasa a kan tabarma. Zahar biyu, ƙwayoyin nan masu lamba na ludo, kowa ya jefa ɗaya, mai lamba babba ya ci kamu. Wanda ya ci kamu uku a jere ya yi kaye. Ba caca ba ce, ko dabino ba a sawa. Da na ga wasan ya cika tsabta, sai na yagi kwalin shayi na rubuta tsautsayi shida a bayansa. Akwai zamewa, akwai kwancewar walki, akwai ƙura a ido, akwai jaki ya kutso fili. Na shida na rubuta: ƙafa ta faɗa tsaguwa, gwiwa ta goce, an fita da kai.

Rigima ta farko a kan yaushe za a duba takardar ce. Da fari kowane kamu sai an jefa tsautsayi, wasan ya zama shirme, jaki ya fi 'yan kokawa zama a fili. Wasu suka ce a yar da takardar gaba ɗaya. Na ce ba a isa ba. Na tsaya a fili, na sani: muddin wani ya fi wani ƙarfi, ƙasa ba ta sa baki. Sai ƙarfi ya zo ɗaya, an cije an kasa motsi, sannan ƙaramin abu ke raba gardama. Muka tsayar da doka, in zahar biyu suka ba da lamba ɗaya, kowa ya jefa tsautsayinsa. Yayana muka ba takardar, ya zama alƙali.

Sai da aka yi makonni na lura. In wasu suka yi kunnen doki, Yaya kan buɗe takarda da murna. In da ni ne, sai ya ce zahar ta hau gefen tabarma, ko ya ce ga jabana, gahawarmu, ta iso a sha tukuna. Ashe sun haɗa baki ne kada shida ta fito a gabana.

Ranar da na tsaga abin, da taubashina nake karawa. Na jefa huɗu, ya jefa huɗu. Yaya ya kai hannu zai kwashe.

"A sake," in ji shi.

Na gitta sandata a kan tabarma. "Yaya, mi za a sake?"

"Zahar ta karkace."

"Wallahi ba ta karkace ba. Ku ne kuka karkace. Gwiwata ta tafi, ba hankalina ba. Wagga takarda ni na rubuta ta, in ba za a karanta mini ita ba, ku kwashe tabarmarku ku bar mini rakubata."

Taubashina ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Bar shi, Yaya ya fi mu sani."

"Kai rufe mini baki, jefa!"

Na fara jefawa, biyu ta fito, walkina ya kwance. Ba wanda ya yi dariya. Taubashina ya jefa kamar mai taɓa garwashi. Zahar ta gangara ta tsaya gaban Yaya. Shida.

Yaya ya kasa karantawa, na fizge takardar na karanta da ƙarfi har ƙarshe. Na ɗauke murfin kwalbar taubashina daga fili. Fuskarsa ta yi fari fat, yana kallon gwiwata. Sai na ɗauki sandata da hannu biyu, na miƙa masa cikin ladabi, na karya wuya.

"Ma'alesh," na ce. "Allah ya ba ka lafiya."

Ya dube ni, ya dubi sandar. Sai ya wurgo mini ita, saura kaɗan ta fasa butar jabana.

"Bawan banza! Kai da ke tsaye ba walki, kai za ka yi mini jaje?"

Shekara guda da wata biyu rabon da ya kira ni haka. Na juya baya ina gyara tabarma don kada su ga idona, na ce da Yaya ya jera murafu a sake sabon kamu.