Ƙofar da Taubashina Ya Bari a Buɗe

Ni dai Allah ya yi ni da son sanin cikin abu. Ina yaro na kwance rediyon mahaifina, na mayar da ita, sukurori uku suka yi saura a hannuna, na sha bulalar da har yau ban manta ba. Halin bai bar ni ba. Shekara biyu bayan an ba mu jiharmu, ina aikin gwamnati a Gusau, wani abokin aiki da zai koma garinsu ya sallama mini tsohuwar kwamfutarsa, na ɗauko ta ban shawarci kowa ba.

Gidan da muke haya akwai layin tarho. Da shi nake kiran wani kamfani a Kaduna, su haɗa ni da intanet. In kira zai shiga, na'urar sai ta yi ta ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, matata ta toshe kunne, ni kuwa baki har kunne. Wanda ya yi mini hanyar samun layin taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, mutumin Tsafe, wanda yake aiki a kamfanin. Tsakanina da shi babu fushi, haka muka taras. Ranar ɗaurin aurena ya ɓoye mini takalma a ƙofar masallaci, na taka har gida da silifas ɗin ladan, dangi suna ta dariya. Abin da taubashi ya yi maka, haɗiyewa kake yi ka jira ranar ramuwa.

Wata Asabar ya biyo ta gidana da tsaraba: ɗan faifai mai wasan buga wa ɓeraye guduma. Da hannunsa ya saka shi a kwamfutar, muka buga har la'asar, ya tafi.

Bayan kwana biyu abin mamaki ya fara. Ina zaune, sai tiren faifai ya zuro kansa waje ba wanda ya taɓa shi, ya jima, ya koma. Matata ta ce aljanu ne, ta tofa masa addu'a, ta daina share wannan kusurwar. Ni kuwa daɗi ya kashe ni. Na samo littafi ina rubuta lokacin da yake buɗewa. Na canza masa soket, na hure ƙurar ciki, na gwada shi da rana, na gwada shi da safe. A mako guda na gano abu ɗaya: ba ya motsi sai layin Kaduna yana haɗe. Na ja layi a ƙarƙashin wannan, na ji ni wani babban masani, ban tambayi kaina ko wane ne a ɗaya ƙarshen layin ba.

A lokacin matata tana da ciki wata uku. Sau biyu tana ɓari kafin wannan, kuma duka biyun sai da magana ta zaga dangi tukuna abin ya faru. Ta sa a ranta bakin mutane ne. Wannan karon ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba. Mutum ɗaya take son ta sani, yayarta, unguwarzoma ce a Legas, don ta ba ta shawara. Ta ce za ta rubuta takarda a ba direban tirela ɗan unguwarmu.

Na yi mata dariya. Na ce takarda a hannun direba ai kowa na iya buɗewa, ga mijin yayarta yana da kwamfuta a gida, a minti ɗaya saƙo ya isa. "Wagga aba ba ta da baki," in ji ni. Ta juya mini baya don kunya, tana faɗa a hankali ina bugawa, na aika.

Mako biyu bayan haka muka je suna Tsafe, gidan gwaggona. Ni da taubashina muka shiga cikin gida gaisuwa, mata cike da tsakar gida, matata tana zaune a bakin tabarma. Yana ganinta ya ɗaga murya.

"Ku ba ta kujera mai taushi, ku jiƙa mata tsamiya! Mutum biyu na zaune nan, wata ukku cur!"

Aka kwashe da dariya, wata tsohuwa har da guɗa. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Muka dawo Gusau a bas. Sai da muka shiga ɗaki ta dube ni.

"Kai kah hwaɗa mishi."

Na rantse da duk abin da na sani. Ta ce, "In ba kai ba, ni ta? Mu ukku munka sani, guda tana Legas." Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya mini a ƙirji: in wani abu ya sami wannan cikin, ta san inda za ta ajiye laifin. Daga ranar abinci sai ta ajiye mini ta koma ɗaki. Na ji tsoro ƙwarai, don ban da cikin, ina ganin yardar da ke tsakaninmu tana zubewa, kuma ba ni da abin kare kaina.

Na kira taubashina a tarho. Ya yi ta ƙyaƙyata dariya, ya ce tsuntsu ne ya gaya masa. Har zan ajiye sai ya ƙara da cewa, "Ina gaida tire." Ban taɓa ba shi labarin tiren ba.

Washegari na naɗe kwamfutar a bargo, na ɗaure ta bayan babur, na nufi Bungudu. Can akwai malamin da ya koya mini lissafi a sakandare, wanda aka taɓa turawa kwas ɗin kwamfuta. Ya saurare ni har na gama, ya jona ta, ya buga wasu 'yan kalmomi. Allon ya yi baƙi, lambobi suka jeru.

"Gidan babanka ƙohwa nawa gare shi?" ya tambaye ni.

Na ce ɗaya, ta zaure.

Ya ce to wannan tana da dubbai, kowace da lambarta. Wasiƙa da ƙofar da take bi, shafukan karatu da tasu. Yawancinsu a rufe suke, sai in wani abu daga ciki ya buɗe ya zauna yana jiran baƙo. Ya sa yatsa a kan wani layi. Lambar ƙofar ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar ce, ko wahalar ɓoye ta ba a yi ba. Wasan ɓerayen nan, in ji Malam, da ɗan rakiya ya zo. Shi ne ya zare sakata, duk lokacin da na hau layi taubashina yana gani daga wurin aikinsa, ya shigo, ya taɓa tire, ya karanta abin da ya ga dama.

Ba zan ɓoye ba, duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗin ganewa. Na dinga jero tambayoyi, wannan lambar ta mece ce, waccan fa, har Malam ya ce in bari ya yi aiki. Ya goge wasan da ɗan rakiyarsa, ya kashe wata ƙofar ta raba takardu da ya ce ba ni da bukatarta, ya koya mini yadda zan riƙa duba jerin da kaina. Da ya sake bugawa, layin nan ya ɓace.

"Kuma kada ka ɗauka shi ɗai ka iya shiga," ya ce. "Ƙohwar ba ta san taubashi ba. Kowa yaƙ ƙwanƙwasa, buɗe mishi takai."

Wannan ya kashe mini murnar. Na tuka babur har Gusau ina tunanin matata da ta juya wa mijinta baya don kunya, alhali ɗakin a buɗe yake ga duniya.

Na zaunar da ita gaban allon, na yi mata bayani tiryan-tiryan, na nuna mata inda lambar take da, da yadda babu ita yanzu. Ta dubi allon, sannan ta dube ni.

"Na yarda ba bakinka na ba," ta ce. "Amma kai kac ce mani ba ta da baki."

Na miƙa hannu na kashe kwamfutar.

Taubashina kuwa, na kira shi na gaya masa zancen ɓari biyun da abin da matata take tsoro. Nan take dariyar ta ɗauke masa. Ranar Asabar ya taso daga Kaduna, ya tsaya a zaure yana sallama, shi da kullum kansa tsaye yake faɗowa har madafa. Sau uku ya yi. Ta amsa daga ciki, ba ta fito ba, ba ta kuma ce ya shigo ba.

Allah ya raya cikin. Ta haihu a gidansu, mace, lafiya lau. Na je barka ina rawar jiki, na ce bari in koma in aika wa Yaya labari yanzun nan, ƙofofin duk a rufe suke, jiya ma na duba. Ta yi murmushi, ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro ambulan, an riga an liƙe shi. Na miƙa hannu. Ta tsallake hannun nawa ta ba mahaifiyarta, ta ce a kai wa direba.